Idan Cuta Ta Share Maka Kaji: Yadda Za Ka Sake Tayar da Kiwo

Mai kiwon kajin gidan gona da ya wayi gari ya tarar da rabin ɗaki a kwance, abin da zuciyarsa ke fara raya masa shi ne ya ranto kuɗi ya zubo wasu 'yan tsaki da wuri don ya mayar da asara. Wannan gaggawar ce ke cinye jarin mutane karo na biyu, domin abin da ya kashe na farko yana nan a ɗakin.

Fara da sanin abin da ya kashe su. Ɗauki biyu ko uku da ba su daɗe da mutuwa ba, da guda mai rai da ke fama da ciwon, ka kai wa likitan dabbobi ya feɗe. Ƙulle matattun a leda ka ɗora kan ƙanƙara, amma kada su daskare. Shekarun kajin ma suna ba da haske. Mutuwa a makon farko yawanci sanyi ce, ko zafi, ko matsala daga inda aka ƙyanƙyashe su. Tsakanin mako 3 zuwa 6, farin zawo mai ruwa da tsattsagar dubura alamar Gumboro ce, kashin jini kuwa na cutar koksi ne, wadda jiƙaƙƙiyar shimfiɗa ke taimaka wa yaɗuwarta. Koren kashi, shaƙewa da murɗewar wuya suna nuna Niyukasil, wadda ta fi tsananta da hunturu. Manyan kaji da ke faɗuwa da rana tsaka a watan Afrilu suna haki, zafi ne ba cuta ba.

Idan suna zubewa da yawa cikin kwana ɗaya ko biyu, tukkunsu ya kumbura ya yi shuɗi, jini ya kwanta a ƙafafu, to ana zargin murar tsuntsaye, wadda aka fara tabbatarwa a Najeriya a 2006 a jihar Kaduna. A nan ba sayarwa, ba yanka. Sanar da ofishin kula da dabbobi na jiharka, su ne za su aika samfur ɗakin gwaji na Vom da ke Filato. Masu kai ragowar kaji kasuwa cikin dare don rage asara suna kai wa maƙwabta annoba ne, kuma wannan zalunci ne.

Haƙa rami mai zurfin mita biyu nesa da rijiya, ka zuba matattun, ka barbaɗa farar ƙasa, ka rufe. Jefa su a bola yana ba karnuka da ungulu damar yaɗa cutar.

Sai lissafi, komai ɗacinsa. Rubuta nawa ka saya, nawa suka mutu kuma a wane mako, buhu nawa suka ci, bashin wa ke kanka. Ka je wa mai abinci da duk wanda ya ba ka rance da ƙafarka kafin su nemo ka, ku tsayar da yadda za ka biya kaɗan kaɗan. Wanda ya ɓuya ya rufe wa kansa ƙofar da zai buƙata nan da wata biyu.

Tsaftace ɗaki shi ne inda aka fi yin ha'inci. Kwashe shimfiɗa duka, garin katako ne ko buntun shinkafa, ka ƙone ko ka binne. Ragowar abincin da aka buɗe a ɗakin ma ya tafi. Share ƙura da yanar gizo-gizo daga rufi da raga, sannan ka wanke ƙasa da bango da omo da buroshi har kashin da ya manne ya fita, domin maganin feshi ba ya ratsa datti. Bari ya bushe, sannan ka yi feshi bisa ma'aunin da ke jikin kwalba. Ƙwayar Gumboro tana iya yin watanni a ɗaki kuma ba kowane magani ke kashe ta ba, don haka ka gaya wa likita cutar da aka gano ya zaɓa maka. Mazubin ruwa da na abinci a wanke, a jiƙa a magani, a shanya a rana. Toshe ramukan ɓera. Ɗakin ya zauna babu kaza aƙalla kwana 14, bayan annoba kuwa mako 3 zuwa 4 ya fi.

Idan za ka dawo, dawo da kaɗan. Buroila, wato kajin nama, guda 100 na cin kimanin buhu 16 zuwa 18 mai kilo 25 kafin su kai mako 6 ko 7, kuma abinci kaɗai na lashe kusan kashi biyu cikin uku na kuɗin kiwo. Saboda haka kada ka yi odar 'yan tsaki sai kuɗin abincinsu na hannunka. Idan na 50 kake da shi, 50 za ka zuba. Kada su wuce 10 a kowace murabba'in mita, da bazara ma a rage.

Ɗumama wurin tun kafin su iso, ma'aunin zafi ya nuna digiri 32 zuwa 33 na Salshiyas a makon farko, ana rage kusan 3 kowane mako. Idan sun cure kusa da wuta sanyi suke ji, idan sun gudu gefe suna haki zafi ya yi yawa. Mai amfani da gawayi ya bar wa iska hanya a saman tamfol, don hayaƙin na kashe su a rufaffen ɗaki.

Da yawan masu cewa sun yi rigakafi amma cuta ta shigo, mataccen magani suka bayar. Lasota, wato rigakafin Niyukasil, da na Gumboro suna buƙatar sanyi na digiri 2 zuwa 8, don haka a cikin kula mai ƙanƙara za ka ɗauko su, ba a aljihu ba. Janye ruwa awa ɗaya zuwa biyu da sassafe, haɗa maganin a ruwan rijiya ko na burtsatse marar sinadarin kulorin, ka zuba garin madara marar kitse giram 2 a kowace lita, su shanye cikin awa biyu. Kowanne ana bayarwa sau biyu cikin makonni huɗu na farko. Karɓi jadawalin ranaku daga likita ko kamfanin ƙyanƙyasa ka manna a ƙofa. Ba a yi wa kaza marar lafiya rigakafi.

Ware takalmi da riga na ɗakin kaji kaɗai, ka ajiye ruwan magani a bakin ƙofa. Kajin gida da zabi kada su raɓi wurin, dillali kuma ya tsaya a waje a fito masa da kaji, domin kejinsa ya zaga gonaki da yawa. Kada ka haɗa manya da ƙanana a ɗaki ɗaya.

Nemi mai saye tun suna mako 4, don kowace rana bayan sun isa yanka ribarka suke ci. Idan ka yi zubi biyu a jere mutuwa ba ta wuce 5 cikin 100 ba, sai ka ƙara yawa, kana ware kuɗin 'yan tsaki da abincin zubi na gaba kafin ka taɓa riba.