Kurakuran da masu koyon kod na jitar jaz suka fi yi

Kod shi ne sautuka da yawa da ake bugawa tare. Wanda ya saba da kod na buɗaɗɗen wuri, wato masu barin wasu tsirkiyoyi su yi sauti ba a danna su ba, irin G da C da D, yakan shigo jaz da tunanin dole tsirkiyoyi shidan nan duk su yi magana. Daga nan matsala take farawa. Sai ka ga ya kwantar da manuniya a kan tsirkiyoyin gaba ɗaya, hannu ya ƙage, sauti kuma ya cakuɗe.

A jaz, sauti uku sun isa: tushen kod, wato sautin da kod ya samo sunansa daga gare shi, sai sauti na uku da na bakwai in an ƙirga daga tushen. Na uku ne ke nuna ko kod manjo ne ko maina, na bakwai kuma shi ke raba Cmaj7 da C7. Sauti na biyar ana iya ajiye shi a yawancin kod ba tare da an rasa komai ba. Freddie Green, wanda ya riƙe jita a ƙungiyar jaz ta Count Basie daga 1937 har ya rasu a 1987, da 'yan sautuka kaɗan yake aiki, bugu huɗu a kowane ma'auni, wato gaɓar kiɗa, amma duk ƙungiyar a kansa take tafiya.

Kuskure na biyu ya fi wannan illa: haddace siffar yatsu ta kowane kod ita kaɗai kamar hoto. Ai kod ba ya zama a ware, daga wani yake fitowa ya nufi wani. Ɗauki jerin da jaz ta fi amfani da shi, Dm7 zuwa G7 zuwa Cmaj7. Ana ƙirga tsirkiyoyi daga mafi siriri, ta 1, zuwa mafi kauri, ta 6; gida kuma shi ne tazarar da ke tsakanin ƙarafan wuyan jita. A Dm7, danna tsirkiya ta 5 a gida na 5, ta 4 a gida na 3, ta 3 a gida na 5. Za ka koma G7? Tushe ya sauka tsirkiya ta 6 gida na 3, sautin da ke tsirkiya ta 4 yana nan inda yake, na tsirkiya ta 3 ya ja baya gida ɗaya zuwa na 4. Zuwa Cmaj7 kuwa, tushe ya hau tsirkiya ta 5 gida na 3, na tsirkiya ta 3 ya tsaya, na ta 4 ya koma gida na 2. Ka lura, banda tushe, sauti ɗaya tak ke motsawa kowane lokaci. Wanda ya gane wannan ya daina tsalle daga ƙasan wuyan jita zuwa samansa.

To amma sai ka san sunayen sautukan tsirkiya ta 6 da ta 5, don nan tushe yake zama. Da yawa suna ƙyuyar wannan, sai su iya jerin a C kaɗai, in aka ce a buga a F ko B-filat, inda masu busa suka fi so, su yi cirko-cirko.

Akwai kuma tsirkiyoyin da ba a danna ba. In ka bar su a sake, za su yi ta kuka a tsakiyar kod. A G7, ka ɗan kwantar da yatsan da ke riƙe da tushe ya shafi tsirkiya ta 5 ya kashe ta. Haka kuma matsa tsirkiya da ƙarfin tsiya ba ya gyara sauti. Matso da yatsa kusa da ƙarfen gida shi ke gyarawa.

Gaggawa ma tana ɓata mutane. Kunna metronom, na'urar ƙirga bugu, a bugu 60 a minti ɗaya, ka buga kowane kod sau huɗu, kana sassauta yatsu bayan kowane bugu don sautin ya yanke gajere. Sai jerin ya tafi sumul a C kafin ka kai shi F.