Yadda Ake Zaɓen Matatar Ruwa Mai Bokiti Biyu Don Gida Da Lokacin Ambaliya

Duk wanda ya ga ambaliyar 2020 a Kebbi, wadda ta cinye gonakin shinkafa daga Argungu har Bagudo, ya san yadda ruwan sha yake gagara alhali ko'ina ruwa ne. Gulbi ya tumbatsa ya shiga masai, daga nan ya gangara rijiya. Babu wutar da za ta tayar da injin burtsatse, itacen tafasa ruwa ma ya jiƙe. A irin wannan hali ne matata mai bokiti biyu take da rana, domin ba ta neman lantarki ko batir. Ana zuba ruwa a bokitin sama, nauyinsa ya tura shi ta jikin abin tacewa da ake kira kyandir, ya riƙa ɗiga a bokitin ƙasa, a buɗe ɗan famfo a tara. Sai dai ba kowace ce za ka amince mata da cikin 'ya'yanka ba.

Kafin ka taka kasuwa, fara da duba ruwan da gidanka ke sha. Na gulbi da na tafki laka ce da ƙwayoyin cuta suka yi masa yawa, kuma aikin matata ke nan. Na 'yan garuwa yakan zo garai-garai, amma ba ka san rabon jarkar da wanki ba. Shi ma matata za ta yi masa. Idan kuwa rijiyarku zartsi ce, kada ka ɓata kuɗinka da tunanin kyandir zai cire gishirin, ba zai cire ba.

Masu zama kusa da wuraren haƙar zinare, kamar wasu sassan ƙasar Yauri, nasu lissafin daban ne. A 2010 gubar dalma ta kashe yara fiye da 400 a ƙauyukan Anka da Bukkuyum na maƙwabciyarmu Zamfara, galibi ta ƙurar duwatsun zinare da ake niƙawa a cikin gidaje. Dalmar da ta narke a ruwa tana wuce kyandir na gama-gari, tafasawa ma ba ta taɓa ta. Wanda ke da wannan fargaba ya nemi matatar da aka rubuta wa NSF/ANSI 53 a kwalinta, wato lambar shaidar gwajin inganci, kuma a ce an ambaci dalma da sunanta cikin abubuwan da take ragewa. Lamba 42 da ake yawan gani ta ɗanɗano ce da wari kawai.

Daga nan sai kyandir, wanda shi ne matatar. Sauran duk mazubi ne. Iri biyu za ka fi cin karo da su. Akwai na tangaran, wato yumɓu da aka gasa, mai ramuka ƙanana da ba su kai maikiron 1 ba (maikiron ma'auni ne na abin da ido ba ya gani), alhali silin gashin kai yakan kai maikiron 70. Wasu ana cusa musu gawayi na musamman a ciki don ya kwashe wari. Akwai kuma na siraran zaruruwa masu rami, irin na kamfanin Sawyer, mai maikiron 0.1, wanda ake wankewa ta hanyar tura ruwa ta baya da sirinji. Dukansu suna tare ƙwan tsutsar ciki da mafi yawan bakteriya, har da mai kawo amai da gudawa. Abin da mai shago ba zai gaya maka ba shi ne ƙwayoyin cutar da ake kira bairas, irin masu kawo shawara da gudawar jarirai, sun fi ramukan ƙanƙanta, suna iya wucewa. Kaɗan ne suke tare su, kamar matatar LifeStraw Family mai maikiron 0.02. Don haka duk lokacin ambaliya, ko aka ce annoba ta ɓulla, kamar kwalarar 2021 da aka yi zargin ta kama mutum fiye da 100,000 a Najeriya, sai a ƙara wa ruwan da aka tace maganin kulorin irin su Aquatabs ko WaterGuard daidai yadda aka rubuta a jiki, a jira minti 30. In babu, a tafasa shi ya yi minti ɗaya yana ɓararraka.

Kwalin da aka cika da alkawarin “yana cire komai” amma babu girman rami, babu sunan kamfani, babu adadin litar da kyandir zai yi kafin a sauya shi, ni dai ajiye shi nake yi.

Sai lissafin girma. Mutum ɗaya yana buƙatar kamar lita 3 a rana don sha, a zafin Maris da Afrilu kuwa, lokacin da Birnin Kebbi ke haura digiri 40, ya fi haka. Gida mai mutum goma ke nan lita 30 ne a ƙalla. Kyandir ɗaya na tangaran lita ɗaya zuwa biyu yake saukarwa a awa, yana kuma raguwa in ya fara toshewa. Babban gida ya sayi mai gurbin kyandir biyu ko huɗu, a cika da dare, a sake cikawa da hantsi. Bokitin ƙarfe mara tsatsa ya fi jure wahala. Na roba ya fi araha da sauƙin ɗauka in gudun ruwa ya kama, amma a raba shi da rana.

Tambayar da ta fi ta farashi muhimmanci ita ce: “Alhaji, in kyandir ɗin ya fashe, kana da irinsa?” Idan ya ce sai an aiko daga Legas, nemi wata. Matatu da yawa a haka suka koma mazubin gero a ɗakin uwargida. Wadda za ka samu kayanta a Birnin Kebbi ko Jega ko Sakkwato ta fi, kuma ka haɗa da kyandir ɗaya na ajiya tun a ranar.

Kafin ka biya, ciro kyandir ka juya shi a haske, ko ƙaramar tsaga ce ta kashe shi. Duba robar da ke matse gindinsa da ta famfo. A gida, ɗaura shi da hannu, kada ka sa fulaya, ka zubar da cikon farko da na biyu. In ka ga ruwa na sauka da gudu, ko na ƙasa ya fito da duhu-duhu, to yana zurara ta gefe, sai a kwance a sake ɗaurawa.

Ruwa mai laka ba a juye shi kai tsaye. A sa masa alif ko dakakken irin zogale, a bari ya kwanta, a tsiyaye na sama ta cikin tsabtataccen mayafi. Idan ɗigar ta ragu, a goge kyandir da burushi mai laushi da ruwa zalla, ban da sabulu. Bokitin ƙasa kuwa kada a tsoma masa moɗa ko hannu, ta famfo kaɗai za a ɗiba. In za a juye a randa don sanyi, randar ta zama mai murfi, da moɗa guda mai dogon hannu da ba a kai ta baki.

Tun a watan Yuli, kafin gulbi ya cika, a haɗa kyandir ɗin ajiya da kulorin da alif da burushi a leda ɗaya a rataye a sama, a duba ranar lalacewar kulorin, a kuma ware jarka biyu masu murfi da ba a taɓa zuba musu fetur ko maganin feshi ba.