Ku fara tsara kwasa-kwasanku daga shekarar ƙarshe

'Yan'uwa ɗalibai, kafin ku yi rajistar zango mai zuwa, ku nemo kundin sashenku ku fara duba kwasa-kwasan shekarar ƙarshe. Duk wanda aka ce sai an ci wani kwas kafin a ɗauke shi, ku bi sawunsa baya-baya har ku iso inda kuke yanzu. A nan ake faɗawa rami. Wani kwas ɗin sau ɗaya ake koyar da shi a shekara. Ka faɗi lissafi na ɗaya, na biyu ya kulle, wanda ke binsa ma ya kulle, sai shekara guda ta tafi saboda kwas ɗaya tal. Irin waɗannan ku sa su gaba. Na zaɓi kuwa su jira, ba gudu za su yi ba.

Kada ku haɗa kwas uku masu aikin ɗakin gwaji a zango ɗaya, rubuta rahoto kaɗai zai hana ku barci. Ku kuma duba iyakar yunit da aka yarda a ɗauka, don wanda aka maimaita ma yana cin gurbi. In kun gama tsarin, ku kai wa malami mai ba ku shawara ya duba.