Yadda za ka nema wa yaranka kuɗi in kana karɓar SSDI a Amurka

Ƴan uwa mazauna Amurka, in rashin lafiya ta hana ka aiki har kana karɓar SSDI, wato kuɗin nakasa da hukumar Social Security ta gwamnati take biyan wanda ya taɓa aiki yana biyan harajinta, yaranka ma suna da haƙƙi fa, da yawanmu ba mu sani ba kuɗin yana ta wuce mu. Kowane yaro zai iya samun har rabin abin da ake ba ka duk wata, in dai bai yi aure ba kuma bai kai 18 ba, ko yana sakandare har zuwa 19, wanda kuma nakasa ta same shi kafin 22 shi zai ci gaba da karɓa ko ya girma.

Kira ofishin Social Security ko ka je da kanka, wannan ba a cikewa ta intanet. Tafi da takardar haihuwar yaro da lambar Social Security taka da tashi, ainihin takardar dai ba fotokwafi ba.

Amma akwai iyaka, abin da duka gidan zai karɓa ba ya wuce kashi 150 cikin ɗari na kuɗinka, wato naka da ƙarin rabinsa, in yara huɗu ne raba musu ƙarin za ai, naka ba ya raguwa. Mai karɓar SSI kaɗai kuwa, wato tallafin da ake ba tsofaffi da masu nakasa marasa ƙarfi, yaransa ba sa samun wannan, dan Allah duba wasiƙarka ka ga wanne ne naka.