Darasi na 9: Yadda Za Ku Gane Kamfanin "Kawo Mutum Ka Samu" Na Gaskiya Ne Ko Damfara

Ku ɗauko littafi da fensir. Yau za mu yi rubutu da lissafi kaɗan, kada kowa ya tsorata.

Irin wannan kamfani ba ya kai kayansa shago. Yakan ba ku kaya, kamar man shafawa ko ƙwayoyin ƙarin lafiya, ku sayar. Sannan ya ce in kun kawo wani ya yi rajista a ƙarƙashinku, za ku riƙa samun kamasho daga abin da ya saya, har da na waɗanda shi ma ya kawo. Wasu kamfanonin suna bin doka, wasu kuwa damfara ce aka lulluɓe da kaya.

Mataki na farko

Ku rubuta wannan tambaya da manyan baƙaƙe: WA YA SAYI KAYAN?

Amsa biyu ce kawai. Ko dai mutumin waje ne wanda bai yi rajista ba, ya saya don yana buƙata. Ko kuma ɗan kamfani ne da aka tilasta wa saye kowane wata don kada ya rasa matsayinsa. In mutanen waje ne mafi yawan masu saye, kuɗin kasuwa ne. In 'yan rajista ne, to kuɗin sabbin shiga ake raba wa na sama.

A nan ɗalibai suka fi yin tuntuɓe. Sai mutum ya ce, "Malam, ai suna da kaya, na gani da idona." Ganin kaya ba amsa ba ne. Ku koma kan tambayar: wa ya sayi kayan? Kwalayen da aka jibge a ɗaki, ranar lalacewarsu na matsowa, an biya kamfani kuɗinsu, amma babu wanda ya sayar da su. Mai ɗakin ne ya saya.

Ga gwaji mai sauƙi. Ku cire alƙawarin samun kuɗi gaba ɗaya. Akwai wanda zai sayi wannan kaya a wannan farashi, alhali akwai irinsa a kasuwa? In babu, kun samu amsa. Ku sake karanta tambayar da ƙarfi. Madalla, haka ake so.

A Amurka, hukumar kare masu saye da ake kira FTC ta binciki kamfanin Herbalife mai irin wannan tsari, kuma a 2016 kamfanin ya amince ya biya dala miliyan 200, ya kuma sauya tsarinsa yadda lada zai dogara da cinikin da aka yi wa masu saye na gaske. Wato hukuma ma wannan tambayar ta yi.

Mataki na biyu

An ce kowa ya kawo mutum 6. Ku rubuta 6. Kowannensu ya kawo 6, sun zama 36. Sai 216, sai 1,296. Ku ci gaba da ninkawa. A hawa na 13 ana buƙatar mutum fiye da biliyan 13, alhali mutanen duniya sun kai biliyan 8 ne a 2022. Dole mutane su ƙare, kuma na ƙasa, waɗanda su ne mafi yawa, su ke asara.

Duk da haka, a kowane aji sai an samu wanda zai ce ya ga na sama da shi da sabuwar mota. Haba! Sau nawa za a faɗa? Ba a tambaye ku wa ya sayi mota ba. Wa ya sayi kayan? Wanda ya bari aka gaggauta shi da "yau ne ranar ƙarshe" har ya ci bashi ya yi rajista, bai yi wa kansa adalci ba.

Mataki na uku

Ku nemi dokokin kamfani a rubuce, wani ya karanta muku in ya yi wuya. A 1979 FTC ta yanke cewa Amway, wani kamfani mai irin wannan tsari, ba damfara ba ne saboda dokokinsa uku: a sayar da kashi 70 cikin 100 na kayan da aka ɗauka, a sayar wa mutum 10 na waje kowane wata, kuma kamfani ya karɓi kayan da suka yi kwantai ya mayar da kuɗi. Ku duba ko akwai irinsu, kuma ana aiki da su.

Mataki na huɗu

Ku raba shafi biyu: abin da ya shigo, da abin da ya fita. A na fita ku sa kuɗin rajista, kayan wata, kuɗin taro, mota da katin waya. Ku debe na fita daga abin da ya shigo.

Mataki na biyar

Takardar rajista da gwamnati tana nuna kamfani yana da suna ne kawai, ba ta nuna cewa ba damfara ba ne.

Aikin gida: ku tambayi wanda ya gayyace ku mutum nawa na waje suka sayi kayansa a watan jiya, ku rubuta adadin.