Yadda ake ɗaukar fim ɗin ƙaton dodo da kyamarar hannu

Irin wannan fim ana shirya shi ne tamkar bidiyon da aka tsinta bayan wani bala'i, kuma ƙa'idarsa guda ce: mai kallo ba zai ga komai ba sai abin da mai riƙe da kyamara ya gani. A kan haka darakta Matt Reeves ya yi fim ɗin Cloverfield a 2008 da kuɗi kusan dala miliyan 25, abin da bai taka kara ya karya ba a finafinan dodanni na Amurka. Ɓoye dodon shi ya rage kashe kuɗi, shi ne kuma ya kawo tsoron.

Tun a rubutun labari ka samo dalilin da ya sa kyamara take kunne. A Cloverfield liyafar ban kwana ce aka ɗora wa wani aboki ɗauka. In babu dalili, mai kallo zai ce wane irin mahaukaci ne ke ɗaukar hoto gini na rushewa a kansa.

Girgizar hoto ita ce inda yawanci ake faɗuwa. Har sanarwa wasu gidajen sinima suka manna a 2008 saboda masu kallo da jiri ya ɗiba. Kada ka miƙa wa jarumi kyamara ya yi ta gudu da ita. Ƙwararren mai ɗauka ya riƙe, jarumin ya bi shi a baya yana magana. Yi amfani da gilashin kyamara (lens) mai ɗauko fili da faɗi, kamar milimita 24, domin jawo hoto kusa yana ninka kowace girgiza. Bayan gudun daƙiƙa 10 zuwa 15, a tsaya a huta, ko a ajiye kyamarar a ƙasa. Mafi kyau ma ka ɗauka a 4K, wato hoto mai kaifi sosai, hannu a natse, sannan ka ƙara girgizar a kwamfuta lokacin tacewa. Saita hoto 25 a daƙiƙa, saurin rufewar idon kyamara (shutter) 1/50 na daƙiƙa, saboda wutar lantarkin Najeriya da Nijar mai zagaye 50 a daƙiƙa (50Hz) ce. In ka saɓa, fitilu za su riƙa ƙyaftawa a hoton.

Shi kuwa dodon, da ake sakawa da kwamfuta daga baya, ƙafa a nan, wutsiya a can, inuwa a jikin bango. Ɗauke shi daga ƙasa ana kallon sama, kuma kullum a samu abin da ido ya san girmansa a cikin hoton: mota, turken lantarki, bene. Ya yi tafiya a hankali, don ƙaton abu da ke zabura kamar kyanwa nan take yake komawa abin wasan yara. Abin da ke nesa launinsa yakan dusashe, saboda haka a lulluɓe shi da ƙura ko hazo. Ɓoye inda tafin ƙafarsa ke taɓa ƙasa a bayan gini ko hayaƙi. Nan ne aikin kwamfuta ya fi tona asirin kansa.

Ga abin da mutane da yawa ke mantawa: sauti yana tafiyar kusan mita 343 a daƙiƙa. In dodon ya kayar da gini a nisan kilomita 1, a ga rushewar tukuna, ƙarar ta iso bayan daƙiƙa 3. Wannan ɗan shirun ya fi kowane kiɗa tayar da hankali, kuma dama ba a sa kiɗa a wannan salo.

Kafin a ɗauki fitowar da za a saka dodo, kulle haske da saitin kaifin hoto, in ba haka ba, idan da waya kake ɗauka, za ta riƙa sauya su da kanta, dodon ya ƙi zama cikin hoton. Manna alamun salatif a bango don manhajar da za ta saka dodon ta bi motsin kyamara. Kada a juya waya da sauri, tana lanƙwasa gine-gine, manhajar ta rikice. A kafa doguwar sanda da ƙwallo a samanta a madadin dodon domin idon 'yan wasa duka ya tsaya wuri ɗaya.

Sauti kuma a naɗe shi daban da ƙananan makirfo a jikin tufafi, daga baya a ɗan gurɓata shi. Duk inda hoto ya yanke ya zo da hujja: an kashe kyamara, batir ya mutu, ko ta faɗi daga hannu.