Kurakuran da Aka Fi Yi Wajen Auna Darajar Matashin Mai Raba Ƙwallo

Mafi yawan masu bibiyar gasar ƙwallon kwando ta NBA a Maradi ba sa kallon wasa daga farko har ƙarshe, kuma ba abin zargi ba ne, domin wasannin Amurka suna farawa ne da misalin ƙarfe ɗaya na dare a agogonmu, na yammacin ƙasar kuwa sai gab da asuba. Abin da ke isa fada da yamma shi ne guntun bidiyo da jadawalin maki a waya, kuma a kan waɗannan biyu ake kafa gardamar ko matashin mai raba ƙwallo na wata ƙungiya, wato ɗan wasan da ke tsara mata hari, ya cancanci a riƙe shi ko a yi musayarsa da wani.

Babban kuskuren shi ne ƙirga maki ba tare da ƙirga jifa ba. Za ka ga ƙaramin ɗan fada ya miƙa wa babba waya yana cewa, "Yaya, duba da idonka, ashirin da biyar ya zuba jiya," amma ba wanda zai gangara da yatsa zuwa layin da ke nuna sau nawa ya jefa kafin ya tara su. Ƙwallo yana shiga hannun kowace ƙungiya kusan sau ɗari a wasa, saboda haka duk jifar da ta ɓace dama ce da aka hana abokan wasa. Kowane ɗan kasuwa a Maradi ya san cewa yawan ciniki ba shi ne riba ba sai an cire uwar kuɗi, kuma jifa ita ce uwar kuɗin maki. Wanda yake cin 40 cikin 100 na jifar maki biyu yana kawo maki 80 ne, alhali wanda yake cin 36 cikin 100 na jifar nesa mai maki uku yana kawo 108, duk da cewa a ido adadinsa ya fi ƙanƙanta. Gyaran shi ne a riƙa ɗora makin a kan yawan jifa, a kuma duba sau nawa ya zubar da ƙwallo ga abokan hamayya. Michael Carter-Williams ya zama gwarzon sababbin ƴan wasa a 2014 da maki kusan 17 a kowane wasa, amma a ƙungiyar Sixers da ta ci wasa 19 kacal cikin 82, inda dole wani ya yi ta jifa tunda babu gwani a gefensa. Kusan kashi 40 cikin ɗari na jifarsa ke shiga, kuma kafin kakar da ta biyo baya ta ƙare an yi musayarsa zuwa Bucks.

Akwai kuma masu saurin yanke ƙauna, kuma a ganina su ne suka fi cutar da gardama. Aikin mai raba ƙwallo yana cikin waɗanda suka fi jinkirin nuna, domin ban da ƙarfin jiki sai ya koyi karanta tsaron abokan hamayya, ya san lokacin da zai kutsa da lokacin da zai miƙa, duk cikin daƙiƙa 24 da aka ba ƙungiya ta yi jifa. Shai Gilgeous-Alexander bai kai maki 11 a wasa ba a shekararsa ta farko a Clippers, kuma aka ba da shi ga Thunder a 2019 cikin musayar da ta kawo wa Clippers Paul George, sai ga shi a 2025 ya zama gwarzon gasar, ya kuma ɗauki kofi. Steve Nash ya haura shekara talatin kafin ya karɓi wannan kambu a 2005 da 2006. Sai dai waɗannan sunaye sun zama mafakar masu kare duk yaron da ya kasa, kamar jinkiri kaɗai alama ce ta ɗaukaka. Abin da ya kamata a nema shi ne alamar ci gaba daga kaka zuwa kaka: ko jifarsa ta kyauta bayan an yi masa keta tana shiga da kyau, wadda takan nuna ingancin hannu tun kafin jifar nesa ta zauna, da ko ƙwallon da yake miƙawa a ci yana ƙaruwa yayin da wanda yake zubarwa yake raguwa. Idan kaka uku ta wuce waɗannan ba su motsa ba, ambaton Nash ba zai motsa su ba.

Wani kuskuren gadonsa muka yi daga ƙwallon ƙafa, inda ƙungiya mai kuɗi take sayen wanda ta ga dama. A NBA akwai iyakar albashi, abin da aka ba ɗan wasa ɗaya an rage shi ne daga rabon sauran, don haka ba a raba darajar yaro da kwantiraginsa. Wanda aka ɗauka a zagayen farko na zaɓen sababbin ƴan wasa yana iya yin shekara huɗu a kan albashi mai sauƙi, kuma a wannan lokaci ko matsakaicin wasa riba ne ga ƙungiya, amma ranar da aka zo sabunta yarjejeniya tambayar takan canza gaba ɗaya. A 2012 Warriors ta ba Stephen Curry dala miliyan 44 na shekara huɗu, kuɗin da ciwon idon sawunsa ya sa ya yi ƙasa, kuma wannan rangwame yana cikin abin da ya ba ta sararin ɗaukar Kevin Durant a 2016. Ita dai wannan ƙungiya ta ba Jordan Poole fiye da dala miliyan 120 bayan kofin 2022, sannan ta miƙa shi ga Wizards a 2023.

Tsaro kuwa ba ya fitowa a guntun bidiyo, alhali a wasannin fitar da gwani na ƙarshen kaka, inda ake karawa da ƙungiya ɗaya har sau bakwai, kociyoyi sukan nemo ɗan wasan da ya fi rauni a tsaro su yi ta kai hari ta wajensa. Duk mai son yin hukunci ya samu zango ɗaya na minti 12 ya kalla cikakke, ya ɗauke ido daga ƙwallo ya bi yaron kaɗai.

Sau da yawa ma mutum biyu sukan kwashe awa suna musu alhali ba tambaya ɗaya suke amsawa ba, ɗaya yana maganar amfanin yaron a bana, ɗaya yana hangen shekara biyar masu zuwa, kuma ya kamata a daidaita wannan tun kafin a ɗora shayi na biyu. A Fabrairun 2022 Kings ta ba da Tyrese Haliburton ga Pacers ta karɓi Domantas Sabonis, a lokacin da take da De'Aaron Fox, wanda shi ma wasansa yana buƙatar ƙwallo a hannu. Kings ta shiga wasannin ƙarshen kaka a 2023, karo na farko tun 2006, Haliburton kuma ya jagoranci Pacers har wasan ƙarshe na gasar a 2025, wato Kings ta ci ribar kusa, Pacers ta ci ta nesa.